A Tanadi Kulawar Yara Kafin Ruwa Ya Sake Zuwa

Malam Edita,

Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan lafiyar yara a lokacin ambaliya, tun damina ba ta kankama ba.

Da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, ruwa ya shanye Gwange da Kasuwar Monday, ya kai Fadar Shehu, ya shiga har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, inda ake garzayawa da yaro in ciwo ya tsananta. Jama'a sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu da alheri. An kawo shinkafa da tabarmi da barguna. Sai dai da mudun manya muke auna agaji. Jariri ɗan wata huɗu ba ya cin shinkafa. Uwarsa za a ciyar, a sama mata wurin da za ta shayar da shi cikin sutura.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne madarar gwangwani. Da kyakkyawar niyya ake kawo ta, amma a sansani da wane ruwa za a dama ta, da me za a wanke bulumboti? Daga nan sai gudawa. Babba yakan jure kwana biyu, yaro kuwa kafin yamma ido ya zurma, maɗiga ta faɗa, ya yi ta kuka ba hawaye. Maganin kuma ba mai tsada ba ne: ƙunshin gishiri da sukari na ORS a ruwa mai tsabta, da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Yana da kyau waɗannan su iso sansani a mota ɗaya da abinci.

Janyewar ruwa kuma ba ita ce ƙarshen wahala ba. Ba a yi wata guda ba gwamnatin Borno ta sanar da ɓullar kwalara. Kududdufai suka haifi sauro. Katin rigakafi ya narke a cikin laka, uwa ba ta tuna wace allura ta rage ba, ga ƙyanda ba ta son komai kamar cunkoso. Akwai masu sikila da masu farfaɗiya da maganinsu ya bi ruwa. Akwai kuma yaran da ke zabura cikin dare da zarar sun ji yayyafi a kan kwano, su ma jinya suke buƙata, ba tsawa ba.

Alau ta taɓa yin wannan ɓarna a 1994, Mokwa ma ta ga tata ambaliyar a watan Mayun 2025. Don haka nake roƙon hukumar agaji ta ƙasa, NEMA, da hukumomin agaji na jihohi su tanadi rumfar yara a kowane sansani, da ma'aikaciyar jinya da zaren auna damtse don gano tamowa. In an rufe sansani, a bi yaran unguwa-unguwa na wasu watanni, a sabunta musu katin rigakafi kyauta.

Wassalam.

Wata mai karanta jaridarku, daga Maiduguri.