KIWON LAFIYA: Kusbara Da Ciwon Hanji Mai Tashi Da Kwanciya

Akwai wani ciwon ciki da ke wahal da jama'a a Bauchi, wanda sau da yawa akan ɗauke shi gyambon ciki ne ko taifot. Mai shi yakan yi fama da murɗawar ciki da kumburi, yau zawo, gobe kuma bayan gida ya ƙi fita. Likitoci suna kiransa IBS, watau hanji mai saurin tunzura. Bisa ƙa'idar da masana suka tsayar a shekarar 2016, alamarsa ita ce ciwon ciki aƙalla rana ɗaya a mako har wata 3, tare da canjin bayan gida.

Daga cikin abubuwan da ake yi wa masu ciwon nan talla akwai kusbara, wadda Turawa ke kira koriyanda. A 2006 an gwada wani haɗi na kusbara da na'ana'a da wani ganye a kan majinyata 32 a ƙasar Iran, aka ga ciwo da kumburi sun ragu. Amma fa mutum 32 ba su isa hujja ba, balle ga shi ganye uku aka haɗa. Saboda haka wanda ya ce kusbara tana warkarwa ya wuce gona da iri.

Amfaninta na haƙiƙa a tukunya yake. Masana a Jami'ar Monash ta Ostiraliya sun nuna cewa albasa da tafarnuwa da wake da alkama da madara da mangwaro suna ɗauke da wasu nau'o'in sukari waɗanda hanji ba ya tsotsewa sosai, sai su jawo ruwa, ƙwayoyin hanji kuma su mai da su iska. Ganyen kusbara ba ya cikin wannan sahu. Ke nan uwargida tana iya rage albasa ta ƙamsasa miya da shi. Masar shinkafa da Bauchi ta yi suna a kanta ba ta da laifi, in dai an sassauta albasa a ƙullu. Ƙosai da alale ne abin lura.

Ƙauracewar ba ta dindindin ba ce. Mako 2 zuwa 6 ake yi, sa'an nan a riƙa dawo da abincin ɗaya bayan ɗaya don a gane wanda ke tayar da ciwon, gudun kada yunwa ta shigo ta bayan gida.

Wanda ya ga jini a bayan gida, ko yana ramewa, ko zawo na tashinsa cikin dare, ko ciwon ya fara masa bayan shekara 50, to kada ya tsaya jiƙe-jiƙe. Ya nufi asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, domin wata cutar ce mai yiwuwa ta fake. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Allah Ya ƙara wa jama'a lafiya, amin.