Lissafi a kasuwa: ɗigo biyu sun isa a ja layi

Ƴan kasuwa da yawa suna zaton kuɗin mota yana tafiya daidai da yawan kaya: in buhu ya ninka, kuɗi ya ninka. Wannan zato yana jawo asara, domin cikin hayar mota akwai kason da ba ya motsi, ko kaya sun yi yawa ko sun yi kaɗan.

A ɗauki misalin mai sayen albasa a Galmi yana kai wa Yamai. Karo na farko an ɗaukar masa buhu 40 a kan jikka 90. Karo na biyu, buhu 100 a kan jikka 180. Yanzu buhu 70 gare shi. Nawa ya kamata ya biya?

In ya raba 90 da 40, zai ga kowane buhu ya tashi sefa 2.250, buhu 70 kuma jikka 157 da rabi. Nan ne kuskuren yake.

Ga hanyar da ta dace. Buhuna sun ƙaru da 60, kuɗi ya ƙaru da jikka 90. In an raba 90 da 60, za a samu jikka ɗaya da rabi: shi ne ainihin kuɗin buhu guda. Ke nan buhu 40 sun ci jikka 60. Sauran jikka 30 su ne kason da ba ya motsi. Saboda haka buhu 70 jikka 105 ne, a ƙara 30, ya zama 135. Wanda ya bi lissafin farko ya yi kyautar jikka 22 da rabi bai sani ba.

Abin da ake koya wa yara a kwaleji ke nan da sunan y = ax + b. Harafin x buhuna ne, y kuɗi, a kuɗin buhu guda, b kuma kason da ke tsaye. Tafiyoyin nan biyu su ne ɗigo biyu a kan takarda, kuma miƙaƙƙen layi ɗaya tak ke iya ratsa su. Bafaranshen nan Dekart ne ya shimfiɗa wannan hanya ta haɗa zane da lissafi a littafinsa na 1637.

Amma a yi hattara. Layin yana aiki ne muddin mota ɗaya ta isa kayan, farashin mai kuma bai sake ba tsakanin tafiyoyin biyu. In sai an ɗauki mota ta biyu, wajibi ne a sake lissafi daga tushe.