Sannunku da Aiki, Amma Fom ɗin Asibiti Bai Ji Ba

Duk mai ɗaga waya da tsakar dare ya saurari baƙon da ke kuka a tsakiyar teku ya cancanci jinjina. Aikin da ƙungiyar ISWAN mai tallafa wa ma'aikatan jirgin ruwa ke yi ke nan da layinta na SeafarerHelp, kyauta, dare da rana, cikin harsuna da dama. Haka ma asusun ITF Seafarers' Trust, wanda ya ɗauki nauyin binciken da Jami'ar Yale ta fitar a 2019. Cikin ma'aikatan jirgin ruwa sama da 1,500 da aka tambaya, kashi 25 cikin ɗari na da alamun ciwon damuwa, kashi 20 kuma tunanin kashe kai ya zo musu cikin makonni biyu kafin tambayar. A da, wannan magana sai a raɗa. Da korona ta maƙale mutum kusan 400,000 a jirage a 2020, kwantiraginsu ya ƙare ba hanyar gida, kowa ya ga abin da ido. Yau ana ce wa ma'aikaci ya buɗe baki ya faɗi damuwarsa, kuma waɗannan bayin Allah ne suka share wannan hanya.

Sai dai da sauran rina a kaba, kuma tana ɗakin gwajin lafiya.

Ka ɗauki mai aikin inji a wani asibitin gwaji a Manila, ga biro a hannu, ga fom a kan cinya. An auna jininsa, an duba idonsa, ya iso layin da ke tambaya ko an taɓa yi masa maganin damuwa. An taɓa, shekara uku baya, bayan rasuwar mahaifinsa, ya kuma warke sarai. Amma aikin jirgi na kwantiragi ne, in wata tara ya ƙare sai ka sake neman wani, ga kuɗin makarantar yara na jira. Ya san mai ciwon suga ko hawan jini kan wuce da ƙwayoyinsa a jaka, shi kuwa in ya rubuta "e", ejan ɗin ɗaukar aiki na iya cewa "za mu kira ka", shi ke nan. Sai ya rubuta "a'a". Wani ma daina shan maganin yake don kada a gani a kayansa, ya hau jirgi a haka, inda likita mafi kusa ke bayan kwanaki na tafiya.

Abin haushin, dokar ba ta ce haka ba. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006, da ta fara aiki a 2013, ta ba wanda aka hana takardar lafiya damar wani likita mai zaman kansa ya sake duba shi, ta kuma haramta wa dillalan aiki ajiye jerin sunayen waɗanda za a toshe wa hanya. Ba wanda ya ce a saka mutum yana tsakiyar rashin lafiya a ɗakin tuƙi. Teku ba wurin wasa ba ne. Amma mai jinya daban, wanda ya warke daban, kuma kamfanoni da masu inshorarsu sun fi kowa sanin haka. Gudun kuɗin dawo da mutum gida ne kawai.

To ku da kuka koya wa ma'aikaci magana, ku juya kan masu ɗaukar aiki. A wajabta wa ejan rubuta dalilin ƙin mutum. Bayanin likita ya tsaya hannun likita, kamfani ya ji "zai iya" ko "ba zai iya ba" kawai. Najeriya ma ta amince da yarjejeniyar tun 2013, don haka hukumar kula da harkokin teku ta NIMASA na da haƙƙin bincikar ejan ɗin Legas da Fatakwal, ta gano samari nawa daga makarantar koyon aikin jirgin ruwa ta Oron aka mayar gida kan wannan layi guda na fom.