Dama Da Hagu: Na Majalisa Daban, Na Lahira Daban

Wani ɗan kasuwa ya tare ni bayan La'asar a nan Badarawa, ya ce: "Allah gafarta Malam, na ji ana kiran wane ɗan hagu a siyasa. Shin ya halatta a bi shi?" Na gane damuwarsa. Mu da dama muke ci, da ita muke gaisawa, kuma Suratul Waƙi'a ta raba mutanen dama da mutanen hagu ranar hisabi.

To, a sani, wannan lafazi na siyasa asalinsa wurin zama ne kawai. A shekarar 1789, cikin majalisar Faransa, magoya bayan sarki suka zauna a hannun daman shugaban majalisa, masu neman sauyi suka zauna a hagunsa. Daga nan sunan ya bi duniya, kowace ƙasa ta zuba masa ma'anarta. A Faransa, hagu ya shahara da raba addini da mulki. A Amurka, ɗan dama shi ne mai son gwamnati ta rage haraji, ta janye hannu daga kasuwa.

A ƙasarmu kuwa awon bai zauna daidai ba. An lissafa NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, cikin hagu, alhali Malam Aminu Kano mai tafsiri ne, yana kafa hujja da koyarwar Shehu Usmanu a kan zalunci. Alhaji Balarabe Musa na PRP ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna a 1979, majalisa ta tsige shi a 1981. Rigimar talaka da masu mulki ce, ba ta imani da kafirci ba. A 1989 Janar Babangida ya ƙirƙiro SDP, ya ce ta ɗan karkata hagu, da NRC, ta ɗan karkata dama. Sai ga attajiri, Abiola, ya tsaya wa ta hagun a 1993!

Saboda haka, kada a kafirta mutum don laƙabi, kada kuma a wanke shi don laƙabi. Ɗan kasuwa ya duba: wa zai hana tauye mudu? Ma'aikaci ya duba: wa zai tsare baitulmali, ya biya albashi kan kari? Ma'auninmu adalci da amana.

Allah Ya ba mu littattafanmu a hannun dama. Wassalam.