Haɗarin jirgin ruwa: Buhun shinkafa jaje ne, ba diyya ba



Har yau ban manta da ƙarshen watan Nuwamban 2021 ba, ranar da kwale-kwale ya kife a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai a Jihar Kano. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. A watan Yunin 2023 kuma, fiye da mutum 100 suka halaka a yankin Patigi na Jihar Kwara suna dawowa daga biki. Allah ya jiƙansu.

Abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne kullum. Manya su zo ta'aziyya, a sauke buhunan abinci, a miƙa ambulan, a ɗauki hoto. Bayan sadakar arba'in, sai a bar uwa da marayu, ko da yaron da ruwa ya taɓa wa huhu, ga kuɗin asibiti. In ta yi magana a ce mata, "Ƙaddara ce, ki yi haƙuri."

Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta goge hakki. Ko a Shari'ar Musulunci akwai diyya a kisan kuskure. Abin da gwamnati ta kawo ranar jaje tallafi ne. Diyya kuwa bashi ce a wuyan wanda sakacinsa ya jawo ɓarnar.

To, me ake kira sakaci? Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, ta hana lodin da ya wuce ƙima, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta wa kowane fasinja rigar kariya daga nutsewa. Mai jirgin da ya karɓi kuɗinki ya ɗauki alhakin kai ki lafiya gwargwadon iyawarsa. In ya cusa mutane da buhuna har ruwa na lasar bakin jirgi, ko ya tashi bayan Magariba, ko ya san katakonsa ya ruɓe, doka ta ba wanda ya ji rauni damar neman kuɗin magani da na asarar sana'arsa. In kuma rai ya salwanta, matar mamacin da 'ya'yansa da iyayen da ke ci a hannunsa suna iya shigar da ƙara. Tsarin mulkin Najeriya ya ɗora shari'ar sufuri a Kogin Neja da Binuwai da rassansu a hannun Babbar Kotun Tarayya.

Idan maigidanki ma'aikacin jirgi ne a ƙarƙashin wani kamfani, akwai wata ƙofar. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta sa masu ɗaukar aiki su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun hukumar NSITF. Daga nan ake biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki, ko iyalinsa in ya rasu. Ki tambaye shi tun yana da lafiya: an yi masa rajista?

Ba zan ɓoye miki ba, hanyar ba ta da sauƙi. Da yawa daga masu kwale-kwalen ƙauye talakawa ne, ba inshora, wani ma ɗan'uwa ne. Shi ya sa sulhu a gaban mai gari ko Sarkin Ruwa ya fi yawa, kuma ba laifi ba ne. Sai dai ki shiga sulhun kina sane da hakkinki, don yafiya ba ta da daɗi in tilas ce. Hakkin marayu kuwa amana ne, ba naki ba ne ki yafe.

In abin ya faru, Allah ya kiyaye, ga abin yi:

Ki tabbata an kai rahoto ga 'yan sanda, an rubuta sunan naki daidai. Ki adana katin asibiti da rasit na magani, ki ɗauke su hoto da wayar nan da ke hannunki. Ki nemi takardar shaidar rasuwa. Ki rubuta sunan mai jirgin da lambobin waɗanda suka tsira. Kada ki sa hannu ko ki dangwala yatsa a takardar da ba a karanta miki ba. Sannan ki nemi lauya da wuri, domin ƙara tana da wa'adi. In ba hali, akwai hukumar Legal Aid mai ba marasa ƙarfi lauya kyauta, akwai kuma ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

Amma babu diyyar da ke dawo da ɗa. Ranar kasuwa ko biki, in kin ga jirgi ya cika ko babu rigar kariya, ki riƙe hannun yaranki ki jira na gaba, ko da za a ce kin cika tsoro.

Ku da ke bakin kogi, yaya ake warware irin wannan a garinku? Ina sauraronku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.