Tsohuwar Kamara Mai Madubi Ko Sabuwa Marar Madubi?

Zancen kimiyya na wannan mako a kan kamara ya ke, watau na'urar ɗaukan hoto, da wata shawara da ta kan sha wa samari kai. A ɗauki misalin wani saurayi a Zangon Kumasi, ko a Injamena, ko a Jidda, wanda ya shekara yana tara kuɗi don ya sayi kamara ya shiga sana'ar ɗaukan hoton biki da suna da Salla. Ya je kanti, mai kanti ya ajiye masa guda biyu, kuɗinsu kusan ɗaya. Guda sabuwa ce fil a kwalinta, 'yar ƙarama, marar madubi, irin wadda a ke yi wa masu koyo. Ɗayar kuwa ta hannu ce, mai madubi a cikinta, irin wadda Turawa ke kira DSLR, ta yi shekara takwas ko goma tana aiki. Saurayin nan ba shi da waɗansu kuɗi bayan waɗannan, in ya yi kuskure gumin shekara ya tafi ke nan. To, wacce zai ɗauka?

Ba za a iya yanke wannan shawara ba sai an san aikin madubin nan tukuna. Kamara dai ba kome ba ce illa ɗaki mai duhu da ƙofa guda. Wani malamin Basra, Ibnul Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya bayyana yadda haske ke tafiya sak, har in ya shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramar huda sai surar abin da ke waje ta fito a jikin bango, kai a ƙasa. A kamara ta zamani an sa gilasai a bakin hudar don su tattara haske, su a ke kira idon kamara. A madadin bango kuwa dā fim a ke sawa, yanzu sai wani ɗan faifai mai jin haske, wanda ke mai da shi lissafi ya ajiye. Tsakanin ido da faifan akwai labule, ya buɗe ya rufe cikin ƙiftawar ido. Da waɗannan uku a ke yin hoto.

Madubi kuwa don mai ɗauka a ka sa shi. Yana jingine a gaban faifan, a karkace, ya tare hasken da ya shigo ya aika da shi sama, wani gilashi mai kusurwa ya juya shi ya miƙo wa mutum ta 'yar tagar leƙawa. Ta haka mutum ya kan ga ainihin abin da idon kamara ke gani. Da ya danna maɓalli sai madubin ya yi tsalle ya kauce, labule ya buɗe, haske ya faɗa kan faifai, sa'an nan madubi ya komo mazauninsa. Ƙarar nan ta "ƙaras" da a ke ji, yawancinta tasa ce. Watau a daidai lokacin da a ke ɗaukan hoton, madubi ba ya nan sam. Duk wanda ya gane wannan ya gane rabin zancen, domin samuwar madubi ko rashinsa ba ya ƙara wa hoto kyau, ba ya kuwa rage masa.

Wannan dabara ta daɗe. A cikin 1959 kamfanin Nikon na Japan ya fito da kamararsa mai suna F, a cikin 1987 kuma Canon ya fito da irin tasa mai suna EOS. Sa'ad da a ka bar fim a ka koma faifai, madubin bai gushe ba. Sai a cikin 2008 kamfanin Panasonic ya fito da Lumix G1, ya fid da madubi gaba ɗaya. A irin wannan, haske na faɗa wa faifai kullum, faifan kuma na aika da abin da ya gani zuwa wani ɗan talabijin ƙarami a cikin tagar leƙawa. Sony ya bi da manyan irinta a 2013, Nikon da Canon su ka bi a 2018. A cikin 2020 marasa madubi da masana'antun Japan su ka fitar su ka fi masu madubi yawa, a ƙarshen 2021 kuwa shugaban Canon, Fujio Mitarai, ya ce babbar kamararsu mai madubi ta 2020 ita ce ta ƙarshe a manyan irinta. Saboda haka ba a musun inda duniya ta dosa. Amma inda duniya ta dosa dabam, abin da ya dace da aljihun saurayin nan dabam.

Ra'ayin da za a bayar a nan shi ne, mai kuɗi kaɗan wanda hoto tsayayye ne sana'arsa, ya ɗauki tsohuwar mai madubi in lafiyarta ƙalau, ya zuba sauran kuɗinsa a ido nagari. Ga dalilai.

Na fari, faifan ba shi da wani bambancin kirki. Nikon D7100 ta 2013 tana ɗaukan hoto mai ɗigo miliyan 24. Canon R50 marar madubi ta 2023, ita ma miliyan 24 ce, girman faifansu kuma kusan ɗaya. In an wanke hotunansu an rataya a bango, da ƙyar mai biki zai bambanta. Har ma a kan yi dace a sami tsohuwa ta manyan ma'aikata, kamar Nikon D750 ta 2014 ko Canon 5D Mark III ta 2012, waɗanda faifansu ya kai milimita 36 a tsawo da 24 a faɗi. Wannan ya ninka na ƙananan fiye da sau biyu, faifai mai faɗi kuwa ya fi tara haske, hotonsa na dare ya fi tsabta.

Na biyu, kuma shi ne babba, zancen ido ne. Sabuwar kamara ta masu koyo ta kan zo da ido mai araha, wanda in an jawo abu kusa ƙofarsa ta kan tsuke zuwa lamba 5.6 ko fiye. A wannan lissafi, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Akwai wani ido sananne mai tsawon milimita 50, lambarsa 1.8, yana cikin mafi araha a kasuwa. In an yi lissafi, hasken da ke shiga ta ƙofar 1.8 ya kusa ninka na 5.6 sau goma. Wanda ya taɓa ɗaukan hoton amarya a ɗaki bayan magariba, da ƙwan lantarki guda, ya san darajar wannan. Irin waɗannan idanu kuwa sun cika kasuwa, gama Nikon kaɗai ya cika miliyan 100 da ya ƙera a cikin 2016, ga kuma masu ɗaukan hoto na Turai da Amurka suna ta sayar da nasu don su koma sabon yayi. Idanun marasa madubi sun fi sabunta, na hannu a cikinsu ba su kai waɗancan yawa ko araha ba. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Na uku, batir. Mai madubi ba ta cin wuta sa'ad da mutum ke leƙe, domin haske ne kawai ke bin gilashi. Marar madubi kuwa faifanta da ɗan talabijin nata suna ci tun daga buɗewa har rufewa. Bisa ga awon da masana'antun su ka yarda da shi, Nikon D3500 ta 2018 tana ɗaukan hoto 1,550 da caji guda, D750 kuwa 1,230. Ƙananan marasa madubi yawancinsu tsakanin 300 da 400 su ke tsayawa. Ga mutumin London wannan ƙaramin abu ne. Ga wanda zai wuni a wurin biki a unguwar da wuta ke zuwa ta ɗauke, abu ne da zai iya sa ya rasa hoton kai amarya.

Na huɗu, ƙura. In an cire idon ƙaramar marar madubi, faifanta a fili ya ke, ba abin da ya tare shi. A mai madubi kuwa yana can ciki, bayan madubi da labule. Milimita 44 ne tsakanin bakin kamarar Canon mai madubi da faifanta, a marar madubinsu kuwa 20 ne kacal. Lokacin hunturu a Cadi ko Sudan ko arewacin Gana, sa'ad da hazo ya rufe gari, ƙwayar ƙura guda a kan faifai sai ta fito baƙin tabo a kowane hoto. Mai madubi ma ƙura na shigarta, sai dai ta fi jimiri.

To, amma adalci ne a faɗi inda sabuwar ta fi, gama ta fi a wurare da dama. Wajen daidaita gani ta yi wa tsohuwar nisa. D3500 gurbi 11 kaɗai gare ta na daidaitawa, su ma a tattare wajen tsakiya. Sabuwar kuwa ta kan gane fuskar mutum, ta kama ƙwayar idonsa ta bi shi ko'ina ya yi. Mai son hoton yara masu guje-guje ko na 'yan ƙwallo zai ji daɗin wannan. Har wa yau ta kan nuna wa mutum yadda hoto zai fito, ko ya yi duhu ko ya yi fari, tun bai danna ba, wannan kuwa taimako ne babba ga mai koyo. Da yawa cikinsu suna iya ɗauka shiru ba ƙara, abin da ya dace da wurin ɗaurin aure ko majalisar karatu.

Inda ta fi ƙwarai shi ne hoto mai motsi. In za a ɗauki bidiyo da mai madubi, tilas madubin ya tsaya a sama, tagar leƙawa ta yi duhu, yawancin tsofaffin kuma sai su yi ta lalube kafin su daidaita. Canon ya gyara wannan tun daga 70D ta 2013, amma duk da haka sababbin sun fi. Saboda haka wanda ya san bidiyo ne rabin aikinsa, shawarar ta juya, ya ɗauki marar madubi kada ya yi waiwaye. Zancen nauyi kuwa a kan ƙara masa gishiri. D3500 giram 415 ce da batirinta, Canon R100 marar madubi giram 356. Sai manyan tsofaffin nan ne ke kusan kilo guda, su kam wuya ya kan gaya wa mai su kafin la'asar.

Akwai wani tsoro da masu kanti kan jefa wa mai saye, wai in ya sayi idanun tsohon yayi ya yi asara ran da ya koma sabo. Wannan ba haka ya ke ba. Tun da marar madubi siririya ce, a kan sa wani zobe tsakaninta da tsohon ido ya cike ratar, Canon da Nikon duk suna ƙera shi. Idanun Canon na tun 1987 suna aiki ta wannan hanya. Na Nikon ma yawancinsu haka, sai waɗansu tsofaffi da ba su da injin juyawa a jikinsu, su sai a daidaita da hannu. Watau jikin kamara shi ke tsufa da sauri, ido nagari kuwa ya kan bi mai shi shekara da shekaru.

Haɗarin gaske yana ga lafiyar tsohuwar, domin ba ta da takardar lamuni, kayan gyaranta kuma raguwa su ke yi. Araha ba ta ado, sai a bincika. Labulen kamara yana da iyakar kwana. Na ƙanana a kan auna shi wajen buɗewa 100,000, na D750 da 5D Mark III kuwa 150,000. Kamara tana ƙirga kowace buɗewa, sai mai saye ya nemi a nuna masa adadin, in ya kusa iyaka ya nemi ragi mai yawa ko ya bari. Sa'an nan ya tsuke ƙofar ido zuwa lamba 16 ya ɗauki hoton sararin sama, duk dattin da ke kan faifai zai bayyana. Ya haska tocila cikin idon ya duba, in ya ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo, funfuna ce, ta kan kama gilashi a garuruwa masu laima kamar Ankara ta Gana da Duwala. Irin wannan a guje shi ko nawa a ka rage. Ya ɗauki hoton rubutu daga nesa kaɗan, ya ga ko ganin ya faɗa daidai inda ya nufa. Ya gwada kowane maɓalli. Mai kantin da ya ƙi yarda a yi waɗannan gwaje-gwaje, ya riga ya ba da amsa.

Saurayin nan dai in hoton biki da na fuska ya sa gaba, ya ɗauki tsohuwar bayan ya gwada ta, ya haɗa da idon nan na milimita 50 da fitilar walƙiya guda, ya kama aiki. Ran da sana'a ta kawo kuɗi ya sayi sabon jiki, idanunsa na nan suna jiransa. In kuwa bidiyo ya nufa, ya ɗauki sabuwar, ya ƙara batir biyu a aljihu, ya riƙa juya bayansa ga iska in zai sauya ido. Kowacce ya ɗauka, sauran aikin nasa ne, ya koyi inda haske ke fitowa da inda zai tsai da mutum, gama wannan ba a sayar da shi a kanti.

Nan zancen wannan mako ya tsaya. Allah ya sa a yi ciniki a sa'a.