Tumbin Ɗan Boko da Rumbun Sheme

Duk wanda ya taɓa halartar sallar idi ko ɗaurin aure a Sheme, ko Faskari, ko Sabuwa, ba ya bukatar a nuna masa waɗanda suka zo daga birni, domin tun kafin su buɗe baki tumbinsu ya riga ya gabatar da su. Yaron da ya bar gari shekara bakwai da suka wuce kamar sillen kara, da akwatin ƙarfe a ka, ga shi yau ya fito daga mota da ƙyar, riga ta ɗage ta gaba, yana haki kafin ya kai bakin zaure. Dattawa su dube shi su ce, “Madalla, lalle aikin gwamnati ya karɓe ka.” Gwaggonninsa su rangaɗa guɗa. Mu kuwa ƙannensa da ke jami'a mu koma gefe muna haɗiyar yawu, muna lissafin shekarun da suka rage mana mu ma mu ajiye namu.

To, 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, mun ɗauki alƙalami yau ne domin mu ɓata wannan biki. Abin da ake yi wa guɗa ɗin nan ciwo ne, kuma mu da aka kashe dukiyar talakawa aka ilmantar, mu ne muka fi kowa kwasar sa, muna kuma kai shi gida a matsayin tsaraba.

Ya kamata mu san inda aka haife shi. Iyayenmu ba su san burodi a matsayin abincin yau da kullum ba, shinkafa kuwa sai ranar salla. Da kuɗin man fetur suka kwararo, aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji a 1975, sai jiragen ruwa suka yi ta sauke alkama da shinkafa da sukari da madarar gwangwani a Legas. Gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa a 1976, ta Alhaji Shehu Shagari ta ƙaddamar da nata shirin bunƙasa noma a 1980, alhali kuwa ita ce kuma ta kafa kwamitin shigo da shinkafa daga waje a ƙarƙashin Umaru Dikko. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, bayan 'yan shekaru aka janye hanin, domin harshen mutanen birni ya riga ya saba. Har yau fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da muke ci daga ƙetare take zuwa. Watau dai Bature ya sauke tutarsa a 1960, amma ya bar mana cokalinsa, mu kuma 'yan boko muka riƙe shi da hannu biyu, muka mai da tuwon dawa abin kunya, abincin da ake ɓoyewa in baƙo ya shigo.

Mu dubi yinin sabon ma'aikaci a Katsina ko Funtuwa, wanda yinin ɗalibi ma bai bambanta da shi ba sai wajen yawa. Da safe yana teburin mai shayi: burodi da bota, ƙwai uku a cikin mai, shayi da madara da sukarin da cokali zai iya tsayawa a ciki. Ya hau babur ko mota zuwa ofis, ya zauna. Da rana farar shinkafa tuli guda da lemon kwalba. Ya koma ya zauna. Da dare Indomie biyu, ko tsire da wani lemon, sannan ya kwanta da waya a hannu. Ƙafarsa ba ta yi tafiyar da ta kai daga masallacin Juma'a zuwa kasuwa ba, amma cikinsa ya karɓi abin da ya fi na mai huɗa da garma.

Ga yadda abin yake aiki a jiki, don kada a ce surutu ne kawai. Farar shinkafa da fulawa an riga an raba su da dusarsu, saboda haka ciki ba ya shan wahalar narkar da su. Nan da nan su zama sukari su shiga jini, nan da nan kuma yunwa ta dawo. Abin da jiki bai ƙona ba sai ya adana shi kitse, kuma kitsen da ya taru a ciki, kewaye da hanji da hanta, shi ne mafi haɗari, shi ne ke share wa ciwon sukari da hawan jini hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da baligi zai sha a yini ya wuce kimanin giram 50, watau wajen cokalin shayi goma sha biyu, gishiri kuma kada ya kai giram 5. Robar lemo guda ta rabin lita tana iya cinye wannan kaso na sukari gaba ɗaya, tun ba a zo kan shayin safe ba. Gishirin kuwa, a tambayi dunƙule nawa ake marmasawa a tukunyar miya ɗaya tun da aka kori daddawa daga madafa. Gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi tun 2022. Naira goma! Ko almajiri ba zai fasa shan lemo saboda ita ba.

Ba wanda zai ce bai san ƙarshen labarin ba. Kowannenmu yana da kawu ko yaya da bai cika hamsin ba, wanda aka yi wa guɗa jiya, yau yana jan ƙafa bayan shanyewar ɓarin jiki, ko yana bin layin wankin ƙoda, ko an yanke masa yatsa saboda gyambon da ya ƙi warkewa. Kuma ɗan boko a ƙasarmu ba shi kaɗai yake faɗuwa ba. Albashinsa ne kuɗin takin mahaifinsa, shi ne kuɗin makarantar ƙannensa, shi ne kayan ɗakin ƙanwarsa. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya tsaya a naira 70,000 tun 2024, ranar da ciwon sukari ya kama mai ɗaukar nauyin gida, a ranar gida guda ya shiga layin asibiti. Mun ga inda aka sayar da gonar gado a ƙauye domin a sayi allurar insulin a birni.

Da tsoro ya fara kama wasunmu, ina suka nufa? Kanti. Wannan ya sayi shayin rage ƙiba da ya gani a Facebook, wanda galibi bai wuce maganin zawo da aka zuba a kwali mai kyau ba. Ya yi kwana uku yana zarya bayan gida, ya ce ya fara ramewa. Wancan ya sayi hatsin Turawa na gwangwani da tuffa daga ƙetare, da kuɗin da zai auno tiyar gero da yawa. Wani ya ɗaure ciki da ɗamara kamar ɗan dambe. A ɗaya gefen kuma ga 'yan'uwanmu mata, waɗanda aka cusa wa cewa amarya sai da jiki, suna haɗiyar ƙwayoyin da ake kira “sha ka fashe”, alhali wasu daga cikinsu magunguna ne masu ƙarfi da ke kumbura fuska, su tayar da sukari da hawan jini. Kasuwa ɗaya ce ta sayar mana da ƙibar, ita ce kuma take sayar mana da maganinta, riba biyu ke nan a kan wawa ɗaya.

Abin takaici shi ne, maganin na gaskiya yana cikin rumbun da muka baro. Ƙasar Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da Dandume tana cikin wuraren da suka fi albarkar noma a Jihar Katsina: dawa, masara, gero, wake, waken suya, gyaɗa. A bayan kowane gida akwai zogale, ga kuka, ga rama da yakuwa da kuɓewa. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, dambu da ganye, fate, ɗanwake, alale, kunun tsamiya, tuwon dawa miyar kuka da daddawa, waɗannan abinci ne masu zama a ciki, masu sakin ƙarfinsu sannu a hankali, ga wake da ke maye gurbin naman da aljihun ɗalibi ba ya iya saye. Majalisar Ɗinkin Duniya, bisa shawarar ƙasar Indiya, ta keɓe shekarar 2023 sukutum domin girmama gero da danginsa. Ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta yi shekaru tana fitar da ingantattun irin dawa. Duniya tana tururuwa zuwa ga abin da kakarmu take dakawa, mu kuwa muna jira sai an zuba shi a kwali an rubuta masa suna da Turanci kafin mu yarda abinci ne.

Sai dai kada a ɗauka muna cewa duk abin da ya fito daga turmi waraka ne. Malmala uku ta tuwo da manomi zai ci ya ƙone ta kafin azahar, in akawu ya ci, a ƙugunsa za ta kwana. Furar da aka dama da rabin gwangwanin sukari ba ta fi lemon kwalba da komai ba, haka kunun zaƙi da zoɓon da ake sayarwa a ƙofar ɗakunan kwananmu. Mu ma kanmu mukan surfe hatsi fes, mu ba akuya dusar, mu ci saura. Kuma addininmu ya riga likitoci yin gargaɗi a kan cika ciki, ya koyar da a bar wa ruwa da numfashi gurbinsu. Mun haddace wannan tun muna makarantar allo, mukan kuma manta da shi da zarar an sauke faranti, musamman a buɗa-bakin azumi.

Abin da ake bukata bai kai yadda ake tsoro ba. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka bayyana sakamakonsa a 2002, ya nuna cewa mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon sukari, da aka sa su rage kimanin kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Mai kilo 90 ke nan ya sauke kilo shida, ya yi tafiyar rabin awa kwana biyar a mako. Wanda yake son ya san matsayinsa ba sai ya je asibiti ba: ya sami zare ya auna tsawonsa, ya ninka zaren biyu, ya zagaya cikinsa da shi daidai cibiya. In bakin zaren bai haɗu ba, to, magana ta same shi.

Za a ce mana, “Ku ɗalibai kun cika baki. Gwauron da ke ɗakin haya yaushe zai tuƙa tuwo? Kuma kun je kasuwa kun ji kuɗin gero?” Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ita ce ta dawo da mu Sheme. Me ya sa hatsin da ake nomawa a bayan gidanmu ya yi tsada? Domin shekaru ke nan manomin wannan yanki yana noma da rai a hannu. A watan Disamba na 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A ƙarshen Agusta na 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da na Faskari da Sabuwa. Gonaki masu nisa da gari suka koma saura, wasu ƙauyuka sai sun biya 'yan bindiga kafin su girbe abin da suka shuka. Ƙwaryar fura da nono, wadda a cikinta geron Bahaushe da nonon Bafillatana suka yi ɗaruruwan shekaru suna haɗuwa, ita ma rikicin bai bar ta ba. A 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da sanarwar cewa yara 652 sun mutu a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar, saboda tamowa. A jiha ɗaya, a zuriya ɗaya, ɗan wa yana mutuwa don bai samu ba, ƙanen uba yana neman shayin da zai zazzage abin da ya ci ya wuce kima. In wannan bai sa mu sunkuyar da kai ba, ba mu san abin da zai sa ba.

Saboda haka duk nairar da muka kai wa alkamar ƙetare da ruwan sukari, mun hana ta manomin da ya sayar da ransa ya shiga gona. Wanda kuma ya koma cin dawa da wake, dole ya fara tambayar wa ke tsare mai noma su, domin yanzu abin ya shafi tukunyarsa.

A nan ne muke juyowa kan ƙungiyarmu ta ɗalibai. A watan Afrilu na 1978 magabatanmu sun fito zanga-zangar da ake kira “Ali Must Go” saboda ƙarin kuɗin abinci da masauki, aka harbe wasunsu a Legas da Samaru. Sun ɗauki abin da ɗalibi zai ci a matsayin maganar siyasa, har suka ba da jini a kanta. Daga baya aka soke ciyarwar gwamnati a jami'o'i, aka bar mu a hannun 'yan kasuwa, shugabanninmu kuma suka koma rabon lemo da biskit a taron rantsarwa. Muna kira ga majalisar ɗalibai, a zamanta na farko na wannan zango, ta sa sharaɗi cewa duk mai neman rumfar sayar da abinci a harabar makaranta sai ya riƙa dafa aƙalla abinci ɗaya na dawa ko gero ko wake da ganye kowace rana, a farashin da bai wuce na shinkafa ba. A ba matan da ke dama fura da masu kwaɗon zogale rumfa kusa da ɗakunan kwana, maimakon korar su da ake yi zuwa bakin ƙofa. A daina sayen lemon kwalba da kuɗin ƙungiya. Ɗaliban likitanci da na jinya su kafa tebur sau ɗaya a wata su auna jinin duk mai so kyauta, har da malamai da masinjoji. Ƙungiyoyin ɗaliban Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara kuma su haɗa kuɗi da kaka su auno hatsi kai tsaye daga hannun iyayensu, kafin 'yan ɓoye su kwashe shi zuwa rumbunan birni.

Za mu kai wannan takarda ofishin sakataren ƙungiya da hannunmu, kuma a fitowa ta gaba za mu buga amsar da aka ba mu, ko mu bar shafin fari in ba a ba mu ba.